Gyaran Tsohon Gida: Wace Kwalliya Ce Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa makonni biyu bayan haka, duk wanda ya bar kuɗinsa kwance a banki yana ji yana gani yake zagwanyewa. Dalar da ake canzawa a kan kusan Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a Fabrairun 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekarar, kafin a sauya ma'aunin lissafin. A irin wannan hali, ɗan kasuwar da ya samu rara a Kantin Kwari ko Singa, da ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama bayan shekara 35 yana aiki, tambayarsu ɗaya ce: ina za a adana wannan dukiya ta tsira? Amsar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce gida.

Sai dai gini daga tushe ya gagari mutane da yawa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a garuruwa da dama, har ta kai Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu, aka tsayar da farashi tsakanin Naira 7,000 da 8,000. Wannan yarjejeniya ba ta daɗe tana aiki a kasuwa ba. Rodi da kwanon rufi da wayar lantarki da tayil kuwa duk sun bi Dala sun tafi. Shi ya sa mai ƙaramin jari yakan ga ya fi masa sauƙi ya sayi tsohon gida, ya gyara, ya zuba 'yan haya ko ya sayar ya ci riba.

Dabarar tana da kyau, amma a wajen zaɓen abin da za a gyara ne sabon shiga ke yin asara. Yakan gyara gidan kamar shi zai zauna a ciki, ya kashe kuɗi a kan abin da ke burge idonsa, alhali wanda zai biya haya ko ya saya wani lissafi daban yake yi. Ɗan haya yana tambaya ne: nawa zan riƙa kashewa a ruwa da wuta kowane wata, kuma me zai same ni idan damina ta kankama? Mai saye kuma tambayarsa ta farko takarda ce. Gyaran da ya amsa waɗannan tambayoyi shi ne ke dawo da kuɗi. Saura kuwa, mafi yawansa kyauta ce mai gida ya yi wa unguwa.

Unguwa ce ke yanke farashi

Kafin a kira birkila, ya kamata a zauna da dillalai biyu ko uku na unguwar, kowane shi kaɗai, a tambaye su nawa ne hayar gida mafi tsada a layin, kuma nawa aka sayar da gida na ƙarshe. Wannan adadi shi ne iyakar da gyara ba zai iya tsallakewa ba. Wanda ke da kuɗin kama gida a Nassarawa GRA a Kano, ko Unguwar Rimi a Kaduna, ba zai koma Kurna ko Rigasa don an sa wa wani gida fitilun ado ba. Wanda ke neman haya a Kurna ko Rigasa kuma aljihunsa yana da iyaka, musamman idan aka tuna mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Gidan da ya fi ƙarfin unguwarsa yakan daɗe a rufe, daga baya mai shi ya gaji ya karya farashi.

Unguwar ce kuma ke faɗin wane irin mutum ne zai shigo. A Samaru kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, ko Ɗanbare da Rijiyar Zaki kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ɗaki mai banɗaki a ciki ba ya rasa mai nema. A Mararaba da Kubwa da Lugbe, ƙananan ma'aikatan da ke shiga Abuja kullum ciki da falo suke bi. A cikin birnin Kano ko Katsina ko Zariya kuwa, magidanci mai iyali ne ke zuwa, kuma abin da yake dubawa sutura ce da faɗin tsakar gida.

Akwai kuma inda gyaran gaba ɗaya ɓarnar kuɗi ne. Tsohon gida a kan makeken fili a unguwar da ƙasa ta yi tsada, mai sayensa filin yake so. Da zarar ya biya zai kawo katafila ya rushe, ya tayar da bene ko rukunin shaguna. Duk tayil da fentin da aka zuba a irin wannan gida tare da ɓaraguzai za a kwashe su.

Takarda kafin siminti

Gyaran da ya fi kowane ƙara wa gida daraja ba ya buƙatar ko buhun siminti ɗaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya ce wanda ke riƙe da takardar mallaka ta gwamnati ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamnan. Gidaje masu ɗimbin yawa a Arewa ba su da wata shaida da ta wuce takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Irin wannan takarda tana da amfaninta, amma banki ba ya karɓarta jingina, kamfani ko hukuma kuma ba ta sayen gida da ita. Idan aka kammala rajista a KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, yawan masu iya sayen gidan ya ƙaru, farashi kuma daga yawan masu nema yake tashi.

Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun isa darasi. A Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan da ke jikin filin Idi na Kano, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka raba ba bisa ƙa'ida ba. A Maris na 2025 hukumar Babban Birnin Tarayya ta soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun shekara goma ko fiye ba su biya harajin ƙasa ba. Ko me mutum yake gani game da siyasar waɗannan matakai, sakamakonsu ga mai jari a fili yake: kyan gini ba ya kare shi idan takarda ta samu tangarɗa.

Gidan gado yana buƙatar ƙarin taka-tsantsan, domin da yawa daga tsofaffin gidajen da ke fitowa kasuwa magada ne ke sayarwa. A tabbatar an yi rabo, kowane magaji ya sa hannu, mata da ƙananan yara kuma an san wanda ya wakilce su da hujjar kotu. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Musulunci ke aiki da shi a Arewa akwai haƙƙin shufu'a: idan wani ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Wanda ya yi gaggawar zuba miliyoyi a gyara kafin wannan ƙura ta lafa, shi da zirga-zirgar kotu ne.

Rufi da gindin bango

Bayan takarda sai lafiyar ginin. Tsohon gida daga sama da ƙasa yake mutuwa. Daga sama, kwanon da ya yi tsatsa yana yoyo, ruwa ya jiƙa katako, gara ta samu abinci, silin ya rufto. Daga ƙasa, danshi yana hawa bango, filasta ta riƙa kumbura tana zuba kamar gari, musamman a gidajen da aka gina ba tare da shimfiɗar tare danshi a kan tushe ba. Abin da aka saba yi shi ne a manna tayil a gindin bango a rufe aibin. Danshin ba ya tafiya ko'ina, sama yake ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin. Maganin gaskiya shi ne a nemo inda ruwan ke fitowa, ko bututun da ya fashe ne, ko kwatar maƙwabci, ko tsakar gidan da ta fi titi ƙasa.

Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwanni. Duk lokacin da aka sabunta titi sai ya ƙara tudu, gidajen gefe su koma rami. Saboda haka watan Agusta ne lokacin da ya fi dacewa a duba gidan da ake son saye, a tsaya a ga inda ruwan indararo ke bi da yadda magudanar layin ke ɗaukarsa. Gidan da aka gani a watan Janairu bai faɗi halinsa ba tukuna. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ta nuna cewa akwai haɗarin da ɗaga dokin ƙofa ba ya magancewa. Idan gida a hanyar ruwa yake, arhar da aka gani a farashinsa ita ce gargaɗin.

Wani abin lura shi ne tsofaffin gidajen ma'aikata da aka yi wa rufi ko sili da asbesto. Ƙurarsa idan aka farfasa shi tana haddasa cutar huhu mai tsanani, don haka ba aikin da za a bar wa lebura da guduma ba ne. Haka kuma wayar lantarkin da ta shekara talatin a bango ba a sa ta don ɗaukar firji da hita da na'urar sanyaya ɗaki ba. Sauya ta ba ya ƙara wa gida kyau ko kaɗan, amma gobarar hunturu ɗaya ta isa ta cinye jarin duka.

Ruwa da wuta

A nan ne tsadar rayuwa ta sauya lissafin haya. A yawancin unguwannin Kano famfon gwamnati ya daɗe da zama tarihi, iyalai kuma da 'yan ga-ruwa suka dogara. Magidancin da ke sayen kurar ruwa kullum ya san abin da take ci masa a wata, kuma a shirye yake ya ƙara wani abu a kan haya idan gidan yana da rijiyar burtsatse da tanki. Sai dai a yi hattara. Ƙasar Kano da Kaduna da Abuja mafi yawanta a kan dutse take, ruwan kuma a cikin tsagogin dutsen yake taruwa, shi ya sa wani ke samu maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Kuɗin mai auna ƙasa kafin haƙa ƙalilan ne idan aka kwatanta da asarar busasshiyar rijiya. A kuma duba tazarar rijiyar da ramin masai. Masana lafiya suna ba da shawarar mita 30, tazarar da ƙananan filaye ba sa bayarwa, don haka wani lokaci haɗa kai da maƙwabta a haƙa ɗaya a wuri mai tsafta ya fi.

Ta ɓangaren wuta, a Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit, daga ƙasa da Naira 70. A Oktobar wannan shekarar kuma jihohin Arewa da dama suka kwashe fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, a daidai lokacin da litar fetur ta haura Naira 1,000. Janareta ya fi ƙarfin talaka, sola ta zama abin da kowa ke magana.

Amma saka cikakkiyar sola a gidan haya ba kullum yake zama riba ba. Batir yana da wa'adi, kuma wanda bai saya da kuɗinsa ba ba ya tausaya masa. Abin da ya fi dacewa da mai gida shi ne abubuwa uku. Ya sa wa famfon rijiya faranti na kansa, ruwa ya riƙa hawa tanki da rana ko da wuta ko babu. Ya raba wayarin, fitilu da fankoki a layi ɗaya, kayan nauyi a wani, yadda ɗan haya zai kawo inbatarsa ya jona ba tare da fasa bango ba. Sannan ya nema wa kowane sashe mitarsa mai kati, domin rigimar kuɗin wuta tana cikin abubuwan da suka fi korar ɗan haya nagari. Kafin a biya kuɗin gida ma, a nemi ganin takardar wuta ta ƙarshe, saboda tsohon bashi a aikace yakan zama ciwon kan sabon mai gida.

Zafi ma kuɗi ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Taga biyu masu kallon juna, da sili mai kyau, da rufi mai hasken launi, da bishiya ɗaya a tsakar gida suna rage wa mazauna wahala fiye da baƙin rufi mai tsini da ake yayi, wanda ke cin katako da kwano ninki.

Banɗaki da tsarin gida

Idan takarda da rufi da ruwa sun daidaita, kuɗin da ya rage banɗaki da kicin ne suka fi cancantarsa. A nan uwargida ke yanke hukunci, kuma sau da yawa ita ce ke cewa a kama gida ko a bar shi. Ba a buƙatar kaya masu tsada. Ana buƙatar ƙasa mai gangara zuwa magudana, da bututu mai kauri, da kan famfon da ake samun irinsa a kowace kasuwa idan ya lalace, da sokawe mai zurfin da ba za a riƙa kiran motar kwasa kowane wata shida ba.

Tsarin da ake kwafowa daga hotunan intanet yakan ci karo da yadda ake rayuwa a nan. Kicin da aka buɗe shi cikin falo bai dace da gidan da ake daka da suya da girkin taro ba, balle yanzu da tsadar gas ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi. Rumfar girki a waje da ɗan sito na ajiye hatsi sun fi shi amfani. Ɗakin baƙi mai ƙofarsa da banɗakinsa daga waje, wanda ya gaji aikin zaure, yana ƙara wa gida farin jini wurin mai iyali. Cinye tsakar gida da ƙarin ɗakuna kuwa yana iya kawo kuɗi a unguwar ɗalibai, ya kashe kasuwar gidan a unguwar magidanta.

Fasa ɗakin gaba a mayar da shi shago yana biya idan gidan a bakin titi mai hada-hada yake. Sai dai sauya amfanin gini ko ƙara masa wani abu yana buƙatar izinin hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Ɗora bene a kan tushen da aka yi don gidan ƙasa kuwa magana ce ta rai. Rushewar bene mai hawa uku a titin Beirut na Kano a Agustan 2022, da ta makarantar da ta kashe mutum 22 a Jos a Yulin 2024, sun isa su sa kowa ya nemi injiniya mai rajista kafin ya ɗora bulo ɗaya a sama.

Lissafin da ya kamata a yi

A ɗauka, don misali kawai, mutum ya sayi gida a unguwar da haya ba ta wuce Naira 800,000 a shekara, kuma yana da Naira miliyan 4 na gyara. Idan ya zuba su a silin POP da fitilun ado da ƙatuwar ƙofar ƙarfe da intalok, da ƙyar ya iya ƙara Naira 100,000 a kan hayar. Kuɗinsa sai bayan shekara 40 zai dawo, alhali kayan ba za su kai rabin haka ba. Idan kuwa ya mayar da tsohon sito da ɗakin samari ɗakuna biyu masu banɗaki, kowane ya kawo Naira 250,000, ya samu Naira 500,000 a shekara. Kuɗinsa ya dawo a shekara takwas, wato kashi 12.5 cikin ɗari.

Ko wannan na biyun ma sai an auna shi da wasu hanyoyi. Sukuk ɗin da Ofishin Kula da Basussuka ya fitar a Mayun 2025 yana biyan kashi 19.75 cikin ɗari a shekara, babu ɗan haya, babu yoyo. Ɗan kasuwa kuma ya fi kowa sanin sau nawa Naira miliyan 4 za ta juya a shagonsa kafin shekara ta zagayo. Abin da ke cike giɓin a harkar gida shi ne tashin farashin ƙasa, wanda zai zo ko an yi ado ko ba a yi ba. Fili ne ke ƙara daraja, gini kullum tsufa yake yi. Wanda ya riƙe wannan zai kashe iya abin da zai sa gidan ya tsaya da lafiya ya kuma samu mai zama, ya bar sauran jarinsa yana aiki a wani wuri.

Ga ma'aikacin gwamnati, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana da rancen gyaran gida ga masu zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsu a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda tun farko aka ƙayyade shi a kan Naira miliyan 1. A farashin yau wannan bai fi kuɗin rufin ƙaramin gida ba, ga shi kuma da yawa suna gudunsa saboda kuɗin ruwa. Ke nan galibin masu gyara daga aljihunsu suke yi, kuma aljihu idan ya ƙare a tsakiyar aiki gidan ba ya hayuwa, ba ya sayuwa. Saboda haka a ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don abin da ba a zata ba, domin ba a san cikin tsohon bango ba sai an fasa. A rubuta jinga da magini, a biya shi mataki-mataki, mai gida kuma ya sayo kayan da kansa ko ya aiki wanda ya yarda da shi. Aikin rufi a gama shi kafin ruwan farko.

Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba masu biyan haraji rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar da suke biya a shekara, matuƙar rangwamen bai wuce Naira 500,000 ba. Ana sa ran wannan zai sa ma'aikata su riƙa neman rasit da rubutacciyar yarjejeniya. Mai gidan da takardunsa suka cika shi zai fi jawo irin waɗannan 'yan haya masu albashi, waɗanda kowa ke so.

Gwamnatocin jihohi ma suna da nasu aikin. Muddin yin rajistar gida yana cin watanni da kuɗi masu yawa, mutane za su ci gaba da zuba dukiyarsu a kan ginin da doka ba ta san da shi ba, magudanun da ba a yashe ba kuma za su ci gaba da rage darajar unguwanni sukutum. Amma kafin hukuma ta yi nata, jerin da ke hannun mai jari a bayyane yake: takarda, sai rufi da tushe, sai ruwa da wuta, sai banɗaki da kicin. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma shi ne ya fi arha. Idan kuɗi ya ƙare kafin a kai gare shi, gidan zai samu mai zama a haka, hayar shekarar farko ta saya.